Muryar Mansur a Layi na Huɗu

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan Malama Hinde ana sallame magariba. Ta ɗauka mangwaro ne. Na biyu ya biyo, na uku ya biyo, sa'an nan aka ji babbar mota tana nishi a ɗakin Mansur, ɗakin da ke rufe da kwaɗo.

Mansur ɗanta ne, shekara guda ke nan da zazzaɓi ya ɗauke shi. Abin da ya bari tsohuwar kwamfuta ce mai wasan tuƙin mota. Shi kuwa, Allah ya jiƙansa, bai iya barin abu yadda ya same shi ba. Ya yi ta ɗora wa wasan ƙari: hanyar Tambuwal zuwa Kebbe da ramukanta, motocin hatsi, har da muryarsa. Da an tada mota sai a ji ya ce, "Inna, mun tashi, sai Kebbe." Duk Jumu'a Hinde takan sa ɗiyarta Hamdiya ta kunna, ta saurara, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ba ta da wata muryarsa a duniya sai wannan.

Kwana shida jifan bai fasa ba. Da rana ta yi ja, Hamdiya ba ta iya zama. Ta yi ƙofa, ta yi madafa, ta dawo, hannuwanta a gaba kamar mai riƙe da sitiyari. Hinde na biye da ita, ba ci ba sha, tsoro ya cika ta.

A na bakwai aka ɗauko Malam Gidaɗo daga Jabo a babur. Tsoho ne mai ƙarancin magana, bai taɓa riƙe kwamfuta ba, kuma bai ji kunyar faɗa ba. Ya zaunar da Hamdiya tun da sauran haske.

"Mi kika taɓa?"

Ta kawo wata takarda da rubutun Mansur, jerin yadda ya ɗora ƙarin a wasan. Ɗaya, hanya. Biyu, motoci. Uku, kukan daji da ya ɗauko da wayarsa a wani kwazazzabo kusa da Fakku. Huɗu, muryarsa. A ƙasa ya rubuta: akwai abin da na ji a cikin na uku, kada a sake sa shi.

"Kukan tsuntsaye ya ɗauke, Malam, shi ne na sake sa na ukku," in ji ta. "Takardar sai daga baya na gan ta. Fayil biyu in sunansu guda, ba su zama wuri guda, wanda aka sa daga baya shi ka danne na farko. Yaya da gangan ya ba muryarshi sunan guda daga cikin na ukku, don ta rufe shi. Kwamfuta ta tambaye ni ko a maye, na ce a maye duka."

"Muryar fa?"

"Ba ta da kwafi."

Hinde ta dafe bango. Ashe Jumu'ar da ta wuce ba rashin wuta ba ne ya hana a kunna mata.

Malam ya fara karatu a hankali. Duhu ya sauka a tsakar gida, kaji suka yi tsit. Can Hamdiya ta sandare, wata murya mai kauri, ta aljani, ta fito daga bakinta.

"Ni ban zo ba, kawo ni aka yi. Ya rufe ni, ita ta buɗe. Yanzu ni ne sama."

"Ka koma kwazazzabonka," in ji Malam.

"In koma da abin da na haɗiye?" Sai muryar ta sauya. Wallahi ko numfashin na Mansur ne. "Inna, mun tashi, sai Kebbe."

Hinde ta matso kusa da Hamdiya.

"Ki bar min ɗiyar da magariba kaɗai," aljanin ya ce. "Kullum ki ji shi, ba Jumu'a ba. In aka danne ni, na tafi da shi."

Hinde ta daɗe tana duban bakin da maganar ɗanta ta fito, sa'an nan ta dubi ƙafafun Hamdiya, duk sun kumbura da zirga-zirgar kwana bakwai.

"Mansur na da kabari," ta ce. "Wagga ita nika da."

Malam ya ci gaba da karatu har aljanin ya sassauta, ya roƙi Malam a ba shi zuwa isha'i. Hamdiya ta farfaɗo, ta ce sai an ɗora wani sauti mai wannan sunan a kai. Hinde ta karɓi waya ta yi magana a ciki, Hamdiya ta ɗora sautin a kwamfuta. Kwamfuta ta yi tambayarta, ko a maye. Hinde ce ta danna da yatsanta.

Dutse guda ya gangaro daga kan kwano. Daga shi ba a ƙara ji ba.

Ran Jumu'a Hamdiya ta kunna wasan, uwar na zaune inda ta saba. Mota ta tashi a tashar Tambuwal. Hinde ta kasa kunne, ko da yake ta sani. Muryarta ce ta fito, ita kaɗai, tana cewa Allah ya kiyaye hanya.