Duwatsu Uku a Ƙarƙashin Taya

Rana ta yi ja lokacin da Shigeru Ebina ya tsayar da motarsu mai ɗakin kwana a bakin wani kogi, can arewacin lardin Aomori. Ba wayar wuta a wurin, ba famfo, ba kowa, kuma abin da yake so ke nan. Mutum ne mai taurin kan tsiya, kullum yana bugun ƙirji cewa da tankin ruwansa da farantin hasken ranar da ke saman motar, ba ya neman komai wurin ɗan Adam.

Sai dai wurin a karkace yake, firjin gas kuwa ba ya sanyi in motar ba ta daidaita ba. Ya hangi ƙananan duwatsu a bakin ruwa, an ɗora su ɗaya kan ɗaya, tuli-tuli. Ya zaro uku masu faɗi, ya hau da taya kansu.

"Baban Kotone, waɗannan fa na yaran da suka rasu ne," in ji matarsa Fumie. "Iyayensu ke jera musu."

"To su ara mini na kwana biyu. So kike kifinmu ya ruɓe?"

Fumie ma ta rasa ɗa shekara ashirin da suka wuce, ɗan kwana tara, kuma Shigeru bai taɓa barinta ta ajiye masa ko tsakuwa ba. Wai camfi ne. Ko sunan yaron ba a kira a gidan.

Magariba na yi, dutse ya faɗo kan rufin motar. Wani ya sake faɗowa. Fitilu suka dushe, injin ruwa ya kama aiki shi kaɗai har tankin ya ƙafe. Shigeru ya murza makulli, motar ta ƙi tashi. Da suka waiwaya, sai ga 'yarsu Kotone, mai shekara goma sha bakwai, zaune a ƙasa tana ɗora kwanukan shinkafa kan juna. Su zube, ta sake. Aka yi ta kiran sunanta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Gari na wayewa Shigeru ya ɗaga motar da jak, ya zare duwatsun, ya wurga su wajen tulin. Ba ta canza zani ba. Kotone ba ci ba sha, yatsunta har sun fara jini. Tsoro ya kama shi sosai, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Fumie ba ta nemi izininsa ba, ta taka da ƙafa zuwa ƙauye, ta dawo da yamma riƙe da hannun Iya Tsuya, tsohuwa makauniya mai magana da waɗanda ba a gani.

Tsohuwar ta watsa gishiri a ƙofa, ta daɗe tana murza carbinta tana karatu.

"Wane ne a nan?"

Muryar ƙaramin yaro ta fito daga bakin Kotone. "Ya rushe mini. Uwata ta tsufa, ta daina zuwa. Wannan yarinyar ta iya jeri, na riƙe ta."

"Ba taka ba ce, ɗan nan. Faɗi wani abin."

"Wanda ya rushe ya gina. A durƙushe."

"Zai yi. Shi ke nan?"

Muryar ta sake fitowa. "Akwai wani ɗan mitsitsi kusa da ni. Shekara ashirin ba shi da ko dutse ɗaya, nawa muke rabawa. Ya ce a gaya wa babansa."

Fumie ta toshe bakinta da hannu biyu.

Shigeru ya fita. Ya durƙusa cikin laka ya mayar da duwatsun uku, a hankali. Yana ɗora na ƙarshe, kwanukan suka zube a cikin motar, aka ji Kotone da muryarta ta ainihi tana cewa, "Mama, ƙishirwa nake ji."

Bai tashi ba. Ya lalubo wani dutsen ya ajiye a gefe, ya ɗora na biyu, ya zame, ya sake ɗorawa ya zame.

"Fumie," ya ce. "Zo ki riƙe mini na ɗanmu Minoru."