Haƙoran Malam Tsawa

Ana dawowa daga hutun rana aka same shi kwance a ƙarƙashin fiffiken jirgi. Shi ne malamin masu koyon aiki a rumfar gyaran jiragen sama. Kowa Malam Tsawa yake ce masa, don ko gaisuwa bai iya yin ta a hankali ba. An farfasa masa baki, an kuma rotsa masa kai ta saman kunne. Jini ya malale har gindin tayar jirgin.

Wadda ta fara ganinsa wata budurwa ce mai koyon aiki, ana kiranta Mantau. Ihunta ne ya kawo maigadi, shi kuwa ya yi dabara, ya kulle ƙofa, ya hana kowa matsawa kusa da gawar. Aka kira 'yan sanda. Kafin Sufeto ya iso, Saje ya riga ya bincike akwatunan kayan aiki. A akwatin Mantau ya sami babbar sufana zaune a gurbinta, an goge ta tas, amma jini da gashi sun maƙale a bakinta.

Haba, sai wuri ya rikice. Wani bakanike ya shaƙo wuyan rigarta, wani ya kai mata naushi ya fasa mata gira, na baya suna ihun a kashe ta. Da ƙyar Saje ya ƙwace ta, ya danna mata ankwa, ya tura ta ofishin shugaban aiki. A nan Sufeto ya tarar da ita, jini yana bin gefen fuskarta.

Sufeto mutum ne da ba ya son gaggawa, kuma ya tsani a kawo masa mai laifi kafin ya ga gawa. Ya koma rumfa ya tsuguna, ya ɗaga leɓen mamacin da bayan biro. Haƙoran gaba sun karye, babu su. Ya leƙa cikin bakin, ya duba ƙarƙashin gawar, ya bi daɓen da fitila har bayan taya. Ban da jini, ko tsinke babu.

"Saje, ina haƙoran mutumin nan?"

"Ƙila ya haɗiye su, yallaɓai."

"Duka? Masara ce?"

Aka fara da Mai Sito, mai ba da kayan gyara, don kowa ya san kwanan baya sun yi cacar baki da mamacin har Mai Siton ya ce sai ya ga bayansa.

"Na faɗa, ban musa ba," in ji Mai Sito. "Wa Malam Tsawa bai zaga ba a wurin nan? Amma dubi hannuna." Ya ɗago damansa, naɗe da filasta har gwiwar hannu. "Ko cokali da hagu nake riƙewa. Kuma ina kantin abinci tun fara hutu, ka tambayi masu dafuwa."

An tambaya, sun shaida. Sufeto ya nuna wata 'yar jakar yadi da ke ɗaure a ƙugun mutumin.

"Wannan fa? Na ga kowa da irinta."

"Dokar rumfa ce. Duk abin da ka gani a ƙasa, noti ne, guntun waya ne, tsakuwa ce, ka ɗauka ka jefa ciki. Injin jirgi in ya zuƙi noti ɗaya, jama'ar da ke ciki sai dai addu'a. Sai an tashi aiki ake juye jakunkunan. Tsofaffin hannu ko a ɗakin matansu suka taka abu sai sun sunkuya."

"Ita yarinyar fa?"

Mai Sito ya yi dariyar takaici. "Banza aka sa mata Mantau? Kai gare ta kamar me, lissafin inji sha yanzu magani yanzu ne a wajenta, amma in ta ajiye sufana sai mai tsautsayi ya yi tuntuɓe da ita. Da safen nan Malam Tsawa ya wanke ta tas a gaban kowa a kan haka. Ya ce in ta ƙara, ta manta da takardar kammala koyo."

To, biri ya yi kama da mutum. Sufeto ya koma ofis ya ja kujera gabanta.

"Sufanarki ce?"

"Tawa ce."

"Ina kika bar ta da za ki fita hutu?"

Ta sunkuyar da kai. "A kan tsanin da ke jikin fiffike. Na sake mantawa. Shi ya sa na dawo da wuri, in ɗauke kafin ya gani. Wallahi ban taɓa shi ba, ranka ya daɗe."

"Wa kike aiki a ƙarƙashinsa?"

"Kawuna, yayan mahaifiyata. Shi ne babban bakanike. Shi ya kawo ni nan, shi ya tsaya mini."

"Me kike yi masa?"

"Ina miƙa masa kaya, ina karanta masa lambobin da ke jikin ƙarafa, ina duba masa ma'auni."

"Shi ba ya iya karantawa?"

Sai ta gane bakinta ya riga hankalinta. Can ta ce, "Idonsa ne yake ɗan damunsa. Ya ce kada in gaya wa kowa."

Sufeto ya sa aka tara ma'aikata a gaban dogon teburin aiki, aka fito da Mantau da ankwarta. Kawun yana tsaye a gefe, dattijo mai faɗin kafaɗa, kayan aikinsa fes. Tun da aka fara dukan 'yar ƙanwarsa bai ce uffan ba.

"Baba, ina kake lokacin hutu?" in ji Sufeto.

"Ina wancan ɓangaren, wajen injin da aka sauke. Tun safe ban zo kusa da jirgin nan ba."

"Ka tabbata?"

"Da furfurata zan yi maka ƙarya?"

"Madalla. Kowa ya kwance jakarsa ya juye a kan tebur."

Aka shiga juyewa. Guntayen waya, noti, murfin biro, tsakuwa. Jakar Mantau wayam, har wani ya yi tsaki. Kawu ya kwance tasa ba tare da wata fargaba ba, ya zazzage. Guntun waya ya faɗo, sai wasu abubuwa farare suka gangaro suna ƙara a kan ƙarfen teburin. Haƙora ne, ɗaya har da tsokar dasashi a jikinsa.

Wani ya yi salati da ƙarfi. Mutane suka ja da baya. Shi kuwa Kawu yana ta waige-waige, yana tambaya, "Mene ne? Me ya faru?" Yana gaban teburin, amma bai ga abin da kowa ya gani ba.

"Haƙoran Malam Tsawa ne, Baba," in ji Sufeto.

Dattijon bai tsaya musu ba. Ya lalubo guduma a kan tebur ya kai sara inda ya ji muryar. Sufeto ya goce, gudumar ta same shi a kafaɗa, ya ji ƙashin ya amsa. Saje ya rungumo dattijon ta baya, suka zube tare, kan Kawu ya bugi ƙafar tebur, goshinsa ya tsage. Sai da mutum huɗu suka danne shi kafin ya saki gudumar.

Sufeto ya jingina da tebur yana riƙe da kafaɗarsa, ransa a ɓace.

"Ku da kuka so kashe yarinya, ku saurara. Wanda ya yi kisan nan ya goge sufana ya mayar da ita gurbinta. Mantau ce za ta yi haka, wadda ko da rana tsaka ba ta mayarwa? Kuma ya tsince daɓe. Ya taka abu, ya ji a ƙafarsa, ya sunkuya ya jefa a jaka yadda ya saba tun yana saurayi. Da yana gani da ya zubar. Ya ɗauka noti ne. Sabo turken wawa." Ya juya wajen dattijon. "Malam Tsawa ya gano idonka, ko?"

Kawu yana haki, jini yana shiga masa ido. "Ya kama ni na wuce wani tsagaggen ƙarfe ban gani ba. Ya ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ya ce ana dawowa hutu zai faɗa wa manya. Na roƙe shi, ya yi mini tsawa kamar yaronsa. Sufanar tana kan tsani, hannuna ya kai."

Saje ya kwance ankwar daga hannun Mantau ya mayar hannun kawunta. Ta tsaya tana kallon shatar da ƙarfen ya bar mata.

"Kawu, sufanar na yarda sabo ne, ba don ka ɗora mini ba. Amma da suke dukana fa? Kana tsaye."

"Na ɗauka za su sake ki, 'yar nan. Ke yarinya ce."

"Kisan kai ne fa, Kawu. Rataye ni za a yi."

Sufeto, wanda ya ga mugunta iri-iri a aikinsa, bai taɓa ganin irin wannan ba. Ya ciro wayarsa da hagu ya miƙa mata.

"Kira gida, kada su ji a bakin wani."

Ta danna lambar mahaifiyarta. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Mama, ni ce. Sun sake ni."

"Alhamdu lillahi! Ai tun ɗazu kawunki ya kira ni, ya ce in kwantar da hankalina, yana tare da ke, ba abin da zai same ki yana raye. Allah ya bar mana shi. Yana kusa? Ba shi wayar in yi masa godiya."

Mantau ta dubi dattijon da ake jan sa zuwa mota.

"Yana nan, Mama," ta ce. "Amma ba zai iya riƙe waya ba."