Mabuɗin Mamaci

Hajiya 'Yardada da kanta ta tako caji ofis, tana dogara sanda. Karatun mijinta, marigayi Malam, na shekaru talatin da aka naɗa aka adana a kwamfutar makarantarsa ta Ƙofar Mazugal, an wayi gari babu ko ɗaya.

Sufeto Isyaku ya bi ta makarantar ya duba. Kwaɗo lafiya, taga lafiya. Shi da ya saba da ɓarawo mai haura katanga, sai ya tsaya sororo kamar baƙo a kasuwa.

Kofur Ikram ta sashen kwamfuta ta zauna gaban injin.

"Yallaɓai, ba ta ƙofa aka shigo ba. Ta SSH ne, hanyar da ake shiga kwamfuta daga nesa da mabuɗin sirri. Shekaranjiya aka shiga da mabuɗin Nazeer."

"A kira min Nazeer."

"Ɗana ne," in ji Hajiya. "Jiya aka yi sadakar arba'in ɗinsa."

Sufeto ya yi mata ta'aziyya.

"Mabuɗin a laftof ɗinsa yake zaune," Ikram ta ce. "Duk wanda ya riƙe ta, shi ne Nazeer a wurin injin nan."

"Wa ya samu laftof a rabon gado?"

Wan Nazeer ne, Zaharaddeen. Da aka kira shi, ya rantse ya sayar da ita tuntuni.

"Wa ka sayar wa?"

"Wani... ban riƙe sunansa ba."

Ikram ta juyo masa da allon. Da intanet ɗin shagonsa na Goron Dutse aka shiga.

Ya durƙushe. "A wani karatu Baba ya ce almajirinsa Baffa ne zai gaji makarantar, ba ni ba. Ban san wane karatun ne ba, sai na goge duka."

Sufeto ya dubi Ikram. Ta girgiza kai: an goge, an sake rubutu a kai, babu mai dawo da shi. Takaici ya kama shi, ga ɓarawo a hannu, kaya kuwa sun tafi har abada.

Da aka sa wa Zaharaddeen ankwa, Hajiya ta riƙe hannun rigar Sufeto.

"Ɗan nan, na janye ƙarar. Shi kaɗai ya rage min."

"Hajiya, kayan makaranta ne. Maganar ta fi ƙarfina."

Aka fita da Zaharaddeen ta soro. Ba ta saki rigar ba sai da motar 'yan sanda ta tashi.