Bayan An Tashi Daga Lakca

"An tashi fa, 'Yar Gaba."

Firgigit ta ɗago daga kan filo. A allon kwamfutar babu malami babu ɗalibai, saura akwatuna biyu baƙaƙe, nata da na Monita. 'Yar Gaba ake ce mata a ajinsu, domin tun shigarta jami'a kujerar gaba take zama, hannu a sama tun malami bai rufe baki ba. Shi kuwa wakilin aji ne, sunan Monita ya bi shi. Soyayyarsu ba a ɓoye take ba, har iyayenta sun san da zamansa.

Ta danna makirfo. "Na sani ai. Rubutu nake ƙarasawa."

"To me malam ya ce a kan jarrabawa?"

"Eh... a wajen ne netwok ya ɗauke."

"Kai! Netwok ɗin nan naki ya iya zaɓen lokaci." Ya yi 'yar dariya. "Duk wanda yake ajin da gaske, ana cewa an tashi yake fita, har rige-rige ake yi. Wanda aka bari a ciki, dama can ba ya nan. Ke kuwa kullum ke ake bari."

"Au, gadina aka sa ka yi?"

"Ba wanda ya sa ni. Na ga bai kamata a bar ki ke kaɗai a aji ba, shi ya sa nake zama har ki farga ki kashe."

Ta mayar da kai kan filo.

Tun da annoba ta sa aka kulle gari, karatu ya koma ta intanet, shagon ɗinkin Baba ma ya dawo falo. Takunkumin fuska yake ɗinkawa daga safe har yamma, da shi ake cin abinci a gidan. Keken ɗinkinsa tsoho ne, in ya hau har maƙwabta sai sun shaida. Don haka ya kafa doka: in ana lakca, ba mai motsi. Shi zai ɗauke ƙafa daga keke, Mama ta kashe rediyo, ko cokali ne ya faɗi sai an harari mai shi. Baba ba ya jin turancin malamai, da kunne yake aiki: in murya tana fitowa daga ɗaki ana karatu, in ta ɗauke an tashi.

Ita kuma sai ta kunna lasifika, ta bar ƙofa a ɗan buɗe don ya ji, ta kashe kyamara, ta kwanta ta juya wa duniya baya. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, amma tashi zaune ma ya zame mata aiki. Ta buɗe littafi, layi ɗaya za ta yi ta maimaitawa ba ya shiga. Ga jarrabawar ƙarshe ta matso, in aka ci gaba a haka shekarar ta tafi. Kuma ita ce ta fari, ita ce ake nunawa a dangi.

"Ruhina," ya kira ta a hankali. "An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ke kuma kin kashe kyamara. Wa zan tambaya?"

"Ba komai fa."

"Wannan ba komai ɗin ta yi nauyi."

Abin da ya karya ta ke nan. Hawaye suka zubo, magana ta biyo su.

"Ban san me ke damuna ba! Wallahi ban sani ba... Ba na gane komai, ba na son komai. In malam ya kira sunana, ƙirjina kamar zai fashe. Ni da nake ɗaga hannu, yau ni ce mai ɓuya."

"Ina jin ki. Ci gaba."

"Shirun nan ne yake danne ni. In gidan ya yi tsit, sai in ji kowa ni yake jira. Baba ya tsayar da aikinsa saboda ni, ni kuma ina kwance ina kallon bango. Wace irin 'ya ce ni?"

"'Ya ce da ba ta da lafiya. Damuwa ciwo ce, kuma tana da magani. Akwai malamar da jami'a ta ajiye don sauraron ɗalibai, ta waya ake magana da ita."

"Ni ba mahaukaciya ba ce!"

"To ni ne mahaukacin ke nan, don na riga ki kiranta."

Ta share ido. "Kai? Kai da ba ka rabo da dariya?"

"Farkon kullen nan har da fanka nake hira. Da ta fara ba ni amsa, na ce a'a, abin ya isa."

Dariya ta kuɓuce mata cikin kuka, har ta shaƙe. Ita dai wannan hali nasa ne ya fara sace mata zuciya, ga shi yau ma bai bar ta ba.

"Zan kira," ta ce. "Amma ka rufa min asiri. Kada Baba ya ji, don Allah. Gara shekarar ta tafi da in ga fuskarsa in ya sani."

Sai a lokacin ta lura. Ai da an tashi keke yake fara ruri, yau kuwa har yanzu gidan tsit. Ta dubi lasifika, ta dubi ƙofar da ita da kanta ta bari a buɗe. Ashe duk abin da suka faɗa ana ji a falo.

Aka yi gyaran murya. Baba ne tsaye, igiyar awo rataye a wuya, zare maƙale a gaban riga.

"Mamana," ya ce, "yau dai malamin naku da Hausa ya ƙarasa."

Ta sunkuyar da kai. "Baba ka yafe min..."

"Me kika yi?" Ya zauna a bakin katifa, idonsa ya kaɗa. "Ni na ɗauka shirun nan gata nake yi miki, ashe kaya nake ɗora miki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya faɗa ake hawa a gyara."

"In na faɗi jarrabawar fa?"

"Sai ki sake. Ke na haifa, ba takarda ba."

Ta kifa kai a kafaɗarsa ta yi kuka mai isarta, Mama tana tsaye a bakin ƙofa tana goge ido da gefen mayafi. Da ta lafa, Baba ya leƙa allon, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa shi, ya ɗaga murya kamar mai kiran wani a tsallaken titi.

"Kai yaro! Kana ciki?"

"I... ina nan, Baba. Ina wuni? An wuni lafiya? Ya... ya aiki?"

Monita mai bakin tsiya yau ya koma in'ina! Ta toshe baki tana dariya.

"Allah ya yi maka albarka. In an buɗe gari ka zo mu gaisa da kyau, na gaji da ganin ka a bakin ƙofa. Yanzu karanto lambar malamar nan."

Ya karanto, ta danna da hannunta. Baba ya miƙe zai ba ta wuri, ta riƙo hannun rigarsa, ya koma ya zauna. Wayar ta yi ƙara, aka ɗauka. Murya ce mai sanyi ta dattijuwa.

"Sannu 'yata. Ya kike?"

"Lafiya lau" ta taho har bakin harshenta, yadda ta saba tun tana ƙarama. Ta haɗiye ta. Ta dubi Baba, ya gyaɗa mata kai.

"Malama," ta ce, tana jin ƙirjinta yana sakewa, "gaskiya ba lau ba."