Idon da Murja ta Hana

Nusaiba, kada ki kwanta tukuna. Gilashin nan da kika manna a ƙwayar idonki yana nan, ina ganin ƙyallinsa. Ku matso ku ji abin da ya sami Murja, ƙawata mai yi wa amare kwalliya.

An kira ta biki wani ƙauye a bayan Gaya. Kun san Murja da son gayu. Ta manna gilashi ruwan toka a ido, ta sa farcen roba zaƙo-zaƙo. Ba ta gama aiki ba sai bayan isha, ta ce a ƙafa za ta fita titi. An ce ta kwana, ta ƙi.

Hanyar ta ratsa ta tsakiyar kasuwar ƙauyen, wadda ba ta ci sai Laraba. Rumfuna wayam. Ko kare babu. Ta isa titi, babu mota, sai ta dawo wata rumfa ta zauna. Idanunta sun bushe, suna yi mata yaji. Ta kai hannu ta cire gilashin, farce ya hana. Ta sake gwadawa, ta kusa tsone idonta. Ta ce a ranta, kwana ɗaya ai ba komai.

Har ta fara gyangyaɗi ta ji ana shara. A hankali. Shara da tsakar dare.

Wata tsohuwa ce, ta jingine tsintsiya ta tsaya a kanta.

"'Yata, ba a kwana da idon aro."

"Na kasa cirewa, Iya."

"Ɗago."

Yatsun tsohuwar sanyi ƙalau, kamar an tsamo su daga randa. Ta taɓa idon dama sau ɗaya, gilashin ya fito. Murja ta ji wani daɗi, ta sunkuyar da kai za ta yi godiya. Nan ta ga ƙafafun. Dugadugan ne a gaba, yatsun suna kallon baya.

"Saura ɗayan," in ji tsohuwar.

Murja ta dafe idon hagu da hannu biyu. Addu'a ta ƙi fitowa.

"Kawo, 'yata. Dare na tafiya."

"A'a."

Tsohuwar ta janye hannunta. Can ta ce, "To, naki ne." Ta ɗauki tsintsiyarta. Ƙarar sharar ta yi ta nisa har ta ɓace.

Haka Murja ta ƙudundune, hannu a ido, har barci ya sace ta. Da asuba idon ya kumbura ya yi jajir, yana ta ruwa, ba ya son haske. Ta samu mota ta koma gida, amma tsoro ya sa ta ƙara kwana biyu a ɗaki da gilashin a ido, ba ta gaya wa kowa ba. Da na kai ta asibiti, likita ya ce ƙwayar cuta ce ta samu wurin zama a ƙarƙashin gilashin, ido bai sha iska ba, kuma mun makara. Na yi kuka a gabansa, ban ji kunya ba.

Yau in kun ga Murja, ku dubi idonta na hagu. Akwai farin tabo a tsakiya, da shi ba ta ganin komai sai hazo. Na dama, wanda tsohuwar ta taɓa, garau yake, ko allura ta faɗi a duhu sai ta tsince ta.

Kada in ji ɗayanku ya ratsa kasuwar nan shi kaɗai. Ke kuma Nusaiba, tashi ki wanke hannu ki cire su. Ko kina jira mai shara ta zo ta cire miki?