Ruwan Buta a Kwalbar Miyau

Da hantsi anka kawo gawar Faruku komisariyar 'yan sanda ta Malanville, kwance cikin amalanke, idanunshi sun yi ɗorawa. Manomin shinkafa ne daga Garou. Kwana huɗu da sunka wuce ya sha maganin zazzaɓi, fitsarinshi ya koma baƙi, bai sake tashi ba.

Mutanen ƙauyen sun riga sun yanke hukunci: a ba su likitar da ta kashe shi. Zahiru, ɗan sandan bincike da har yau ake ce ma jandarma, ya kulle ta a ofis don kada a farfasa mata kai.

"Madam Balkissa, ke kika rubuta maganin?"

"Ni ce. Amma dubi katinshi." Ta miƙa mishi. "A asibitinmu kowa na tofa miyau cikin kwalba, a kai labo, ɗakin gwaji na Kwatano, a duba abin da ya gado a jini. Akwai masu jinin da wanga magani ke farfasawa, su jan kati ake ba su. Na Faruku tsanwa ne. Wallahi abin da na'ura ta nuna na bi."

"Mutum nawa anka gwada, har da shi?"

"Arba'in da ɗaya."

Maganar ta tsaya ma Zahiru a rai. In katin ne ya yi ƙarya, akwai arba'in da ke yawo da irinshi a aljihu.

Binciken Harouna mai sayar da magani bai ɗauki lokaci ba. Kwalin na nan, lambarshi daidai, kwananshi bai wuce ba, kuma wasu sun sha sun warke. Zahiru ya sallame shi.

Saura Abdurazak, mai ɗaukar kwalabe zuwa Kwatano, wanda kuma shi ke shigar da sakamako cikin na'ura. Mutum mai fara'a da yawa, irin wadda ke gajiyar da Zahiru.

"Na kai da hannuna, mon shef, ranka ya daɗe. Ga takardu."

Takardun tsaf suke. Akwatin ƙanƙara na ɗaukar kwalabe da ke bayanshi ma sabo ne fil, ko ledar hannu ba a ɓare ba. Zahiru ya kira labo, anka ce mai rajista ya fita, sai gobe. To, gobe wani na iya shan magani.

Ya hau babur ya nufi Garou gaisuwar mutuwa. Uwar mamacin, Inna Sabuwa, na zaune kan tabarma. Ya roƙi katunan gidan duka. Ta kwance nata daga bakin zane, tana kauda kai.

"Nawa ba shi da amfani, ɗana."

"Don mi, Inna?"

"Ni in ba baƙo miyauna? In anka yi min sammu da shi fa? Da ma'aikatan sunka juya baya, ruwan buta na zuba na rufe."

Zahiru ya duba katin. Tsanwa, da hatimi, da bayanin jininta layi-layi.

Kafin la'asar Abdurazak na zaune gabanshi a komisariya.

"Ka ce labo ta auna kwalba arba'in da ɗaya?"

"Duka, mon shef."

"Ba wadda ta lalace?"

"Ko ɗaya."

"To, gaya min, ruwan buta jinin wa ya gado?"

Fara'ar ta ɗauke. Zahiru ya jera mishi abin dalla-dalla. Likita kati ta bi. Maganin na gaskiya ne. Labo ba ta iya fitar da gado daga ruwa, ke nan kwalaben ba su taɓa isa can ba. Mutum ɗaya ne kwalba ke fita ta hannunshi, sakamako ya dawo ta hannunshi.

"Ina tsohon akwatin?"

"Cikin kogi," in ji shi, murya ƙasa. Ranar da ya kamata ya shiga motar Kwatano, sai ya ce bari ya leƙa Gaya, ƙetaren kogi, ya ga matarshi da ta haihu. Gada a rufe, ya shiga kwalekwale da akwatin. Jirgin ya karkata, akwatin ya tafi. Tsoron kora ya sa ya kwafi wani tsohon sakamako mai kyau, ya yi ta canza suna.

"Na ga yawancin mutane tsanwa ne. Na ce Allah zai kiyaye."

"Kai, Allah wadaran wanga tunani!" Zahiru ya buga tebur. Haushi ya kama shi har ya fita waje kada ya mare shi.

Anka saki Balkissa. Ba ta wuce gida ba. Ita da Zahiru sunka bi Garou da Toumboutou gida-gida suna karɓe katuna, har biyu a hannun ƙannen Faruku.

Gidan mamacin ne na ƙarshe. Inna Sabuwa ta saurari bayanin duka, ta riƙe bakin rigar Zahiru.

"Wata biyu katin ga na hannuna. Tun ranar da ya zo na san ƙarya ne, kunya ta hana ni faɗi. Ɗana, gaya min gaskiya. Da na faɗa, da Faruku na nan?"

Zahiru ya san amsar. Ya sa katinta cikin sauran, ya ce, "Allah ya jiƙan shi, Inna."

Ba ta ce amin ba, kuma ba ta saki rigar ba.