Maƙwabtan Cikin Bango

Da magariba Rahab ta dawo daga niƙa, da kwanon garin masara a kanta. Malamar firamare ce, mijinta ya rasu, aiki kuma ya jefo ta Funtua inda ba ta da kowa. A gidan hayar da take zaune, a bakin hanyar Maska, ita kaɗai ta rage.

Mai gidan, Alhaji Kamalu, mutum ne mai son a ce ya iya gini. Da bango ya tsage, maimakon siminti sai ya sa aka lulluɓe shi da farar roba mai sheƙi, har sama, wayoyin lantarki duk suna bayanta. Abin gwanin kyau a ido, amma in aka kawo wuta sai ka ji bangon ya ɗauki ɗumi kamar gefen murhu. 'Yan haya sun yi magana har sun gaji. Malam Rabe, dattijon cikinsu, ya je ya dawo, amsar dai ita ce a bari sai bayan girbi. Ɗaya bayan ɗaya suka kwashe kayansu. Rahab ba ta da inda za ta, sai ta zauna, kewa na cinta.

Ta tura ƙofar gida. An kawo wuta, ƙwan lantarkin tsakar gida yana rawa. Wani wari ya tarbe ta, irin na silifa da ya faɗa garwashi.

Sai ta ji ƙarar kwanuka.

A bakin ɗakin da Malam Rabe ya bari, wata tsohuwa ce a durƙushe tana ɗaure kaya. Gajeruwa, ba ta wuce turmi ba. Rahab ta ji daɗi har cikin ranta, ta ɗauka sabbin 'yan haya ne.

"Sannu da aiki, Mama. Yau kuka tare?"

Tsohuwar ba ta ɗago ba. Muryarta can ƙasa, kamar ana sosa tabarma.

"Tashi muke yi, 'yata. Bangon ya yi mana zafi."

Sannan Rahab ta lura ɗakin a kulle yake da kwaɗo. Robar jikin bangon ta ɗan buɗe, tsagar ba ta fi faɗin hannu ba, kuma ta nan suke fitowa. Maza, mata, wasu da goyo. Da tukwane, da taɓarya, da kaji. Suna wucewa ƙarƙashin fitila, babu mai inuwa.

Kwanon ya suɓuce. Gari ya watse, suka bi ta kansa, ko sawu bai fito ba.

Ta ruga ɗakinta za ta kulle kanta. Hannu ya cafke wuyan hannunta, sanyi ƙalau.

"Kar ki shiga. Kullum muna jin kukanki ta bango," in ji tsohuwar. "Zo mu tafi. A wurinmu ba mai cin tuwo shi kaɗai."

Wani abu ya yi tas a sama. Roba ta fara ɗiga a kan katifarta, kowane ɗigo da wutarsa.

Suka ja ta. Ta bi.

Hayaƙi baƙi. Tari. Ƙofar gida. Iska.

Ayarin ya miƙe cikin gonar dawa, kara bai motsa ba. Ƙafarta ɗaya ta riga ta taka kunyar gonar.

"Malama Rahab! Gobara! Ina za ki?"

Malam Rabe ne, wanda ya koma wani gida nan kusa, ya fito daga masallaci. Ya damƙo gefen zanenta ya fizgo. Sanyin ya saki hannunta. Da ta waiga, dawa ce kawai.

Gidan ya ƙone ƙurmus kafin isha'i. A satin Alhaji Kamalu ya sa aka ɓamɓare robar daga sauran gidajensa, ba wanda ya roƙe shi. Matar Malam Rabe ta ba Rahab ɗaki, mutane suna ta zuwa jaje, suna cewa Allah ne ya sa ta fito da wuri. Takan ce haka ne. Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, lokacin da Malam Rabe ya fizgo ta, haushinsa ta ji.